Tsutsa na gani tana motsi a bahaya, oga ya soke abin da na rubuta

Ɗalibar Lab: Salamu alaikum, don Allah a taimaka. Wata biyu ke nan ina koyon aiki a wani ƙaramin asibiti. Jiya wata mata ta kawo bahayar ɗanta da safe, ga ba wuta, mai tayar da janareto ya tafi ɗaurin aure, ni kuma aka aike ni sito karɓo safar hannu, na yi ta jiran mai makulli. Sai bayan la'asar na ɗiga ruwan gishiri na duba a microscope, madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Na ga 'yar tsutsa tana wutsil-wutsil, na rubuta Strongyloides, wata irin tsutsar ciki. Oga ya ja layi ya rubuta hookworm, wata tsutsar cikin daban, ko leƙawa bai yi ba. Jiya ban runtsa ba.

Tsohon Hannu: 'Yata, oganki ya fi ki gaskiya. Bahaya in ta kwana a zafin nan, ƙwan hookworm ƙyanƙyashewa yake. Shekara 22 ina wannan aikin. Da kin sa aidin ta daina motsi, ki duba bakinta da gilashin microscope mai lamba 40: ramin bakin hookworm dogo ne, na Strongyloides gajere.

Ɗalibar Lab: Baba, ai ba ta kwana ba, awa takwas ne kawai. Kuma aidin ɗinmu ya ƙare.

Maman Biyu: Awa takwas a wurinku. Yaushe yaron ya yi ta? Mu nan a leda ake kawo mana ta shekaranjiya, in ka yi magana a ce ka cika iyayi. Ni ma haka wani oga ya yi ta soke min aiki har na nemi canjin wuri.

Ɗan Zinder: Ɗalibar Lab, ni ina bayanki. Strongyloides tsutsa take fitowa, da wuya a ga ƙwanta. Kin ga ƙwan hookworm, mai siririn ɓawo, fari tas? In babu, kar a yi gaggawa. Maganin tsutsa albendazole ƙwaya ɗaya ba ta gamawa da Strongyloides, sai ivermectin.

Tsohon Hannu: In duk sun ƙyanƙyashe wane ƙwai za ta gani? Hookworm ce.

Ɗan Zinder: A kawo sabuwa kawai, a duba nan take.

Ɗalibar Lab: Ba ni na karɓa ba balle in tambaye ta, kuma matar daga ƙauye take, ta riga ta tafi da takardar. Amma wallahi tsutsar irin Strongyloides ta littafinmu ce sak.