Fadar bakin teku da ke hannun iyali ɗaya

Manomin Ringim:
Assalamu alaikum. Ƙanena da ke karatu a Newcastle ta Ingila ya turo min hoton wani katafaren gini na dutse a kan tsauni, ga teku a gindinsa, wai shi Bamburgh. Ya biya kuɗi ya shiga, aka ce masa na wani iyali ne, ba na gwamnati ba. Abin ya tsaya min a rai, don gidan kakanmu mai soro da zauren azara damina biyu ke nan yana zubewa, mu magada goma sha ɗaya, yawancinmu sai a sayar a raba. Yaya fadar sarakuna ta koma hannun mutum ɗaya, kuma da me suke riƙe ta?

Malamin Sakandare:
Wa alaikumus salam, Malam. Can asali mazaunin sarakunan arewacin Ingila ne, tun wajen shekarar 547. A yaƙin basasarsu, cikin 1464, aka yi masa ruwan igwa har ya faɗi. Daga baya sarki ya bai wa iyalin Forster, bashi ya ci su, sai Lord Crewe, babban limamin cocin Durham, ya saya a 1704. Da ya mutu a 1721 dukiyarsa ta zama kamar wakafi. Nan ne ya fi burge ni: aka buɗe makaranta da ɗakin shan magani a ciki, ana kuma agaza wa waɗanda jirginsu ya fashe a teku. A 1894 William Armstrong, attajiri mai ƙera makamai, ya saye shi fam 60,000 ya shiga gyara. Ya mutu a 1900 bai bar ɗa ba, jikan 'yar'uwarsa ya gada, kuma har yau a hannun dangin yake.

Hajiya daga Gumel:
Gidan ne ke ciyar da kansa, ɗana. Kuɗin shiga, hayar ɗakuna, ɗaurin aure da ake yi a ciki. Amma kar ka haɗa da naku. Rabon gado hukuncin Allah ne, haƙƙin mata da marayu na ciki. A ƙiyasta gidan, mai hali ya biya saura kasonsu. Haka muka yi da namu, zauren mahaifinmu yana nan ana karatun allo.

Manomin Ringim:
Na gode, Hajiya, Allah ya saka da alheri. Ba ni da ƙarfin sayen kason mutum goma, amma uku daga cikinmu ba sa son a sayar. Zan same su ranar Juma'a bayan masallaci. Kafin nan na yi magana da magini ya duba azarar zauren, a yi yaɓe a gyara indararo tun ruwa bai sauka ba.