Buhun taki da rediyo a cikin aji

Malamar Aji 5: Assalamu alaikum. Yara ba sa kama darasin kaso cikin ɗari daga littafi. Me zan kawo musu daga abin da suke gani ko ji kullum?

Na Gumel: Wa alaikumussalam, Malama. Ki sa a kawo tsohon buhun taki. Yuriya an rubuta 46% a jikinsa, buhun kuma kilo 50 ne. Su lissafo naitirojin da ke ciki, kilo 23 ke nan. Daga nan sai NPK 15:15:15, kowane sinadari cikin ukun kilo 7 da rabi.

Malamin Kimiyya: A karkaɗe shi a wanke tukuna, taki yana cin ido.

Hedimasta: Ga masu son rediyo, kada a kunna kai tsaye a aji. Talla za ta cinye rabin darasin, ko a faɗa shirin siyasa ana zage-zage, gobe iyaye su zo ofis. A naɗi labarin a waya da daddare, a saurara, a yanke abin da bai wuce minti 2 ba. Rahoton farashin hatsi na kasuwar Dawanau ya fi dacewa. A rubuta tambayoyi 3 a allo kafin a kunna, a kunna sau biyu. Sifikar waya ba ta isar aji mai yara 80. Na baya ba sa ji, sai su turo gaba, aji ya hargitse. A sa memori a ƙaramar sifika, a kai ta wurin mai caji tun jiya. In Bluetooth ne, a rufe layi, don kira yana shigowa duk aji ya ji.

Na Gumel: Daidai, ranka ya daɗe. In sun ji farashin buhu, su raba da 40 su sami kuɗin tiya.

Na Babura: 40 a ina, Malam? Awon kasuwa ba ɗaya ba ne, wata tiyar ta fi wata ciki.

Na Gumel: To ai darasin ke nan. Kowa ya tambayo babansa.

Malamin Kimiyya: Sai dai ba ranar Alhamis ba, manyan yaran duk suna kasuwar Maigatari.

Malamar Aji 5: Na gode. Sifikar mai memori, cajinta yana kai darasi nawa?