Saura shekara ɗaya 'yata ta gama sakandare, baffanta ya ce aure za ta yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni mace ce mai 'ya'ya biyar, ina zaune a Kurna, cikin Kano. Shekara uku ke nan da rasuwar maigidana, Allah Ya jiƙansa. Da suyar awara da ɗan ɗinki nake riƙe gidan.

Babbar 'yata shekararta 16, tana sakandaren 'yan mata ta gwamnati, ɓangaren kimiyya. Ta ci jarrabawar kwalifayin, yanzu ta shiga aji shida. Tun tana ƙarama ba ta da magana sai ta zama ungozoma a asibiti. Da asuba ita ke taya ni tace waken suya, littafinta na bayoloji a buɗe a kan turmi, duk shafukan sun sha mai. In an ɗauke wuta, da fitilar wayata take karatu har cajin ya ƙare.

Makon jiya yayan mahaifinta ya zo ya ce ya ba da ita ga ɗan amininsa, bayan Babbar Sallah za a ɗaura. Wai boko ya isa haka, kuma shi ba shi da kuɗin JAMB da na makarantar gaba. Alhali shagon marigayi na kasuwa yana hannunsa, shi yake karɓar haya, abin da ya ga dama yake aiko mana. Yarinyar nan kwana uku ba ta ci abincin kirki ba.

Ni a aji huɗu na firamare aka cire ni. Ranar rabon gado takarda aka miƙo mini, na dangwala yatsa ban san me ke ciki ba. Wannan ne ke ci mini rai, ba na so ita ma wata rana ta dangwala. Ba na ƙin aure, kuma ba na son a ce na raba marayu da dangin ubansu. Yaya zan yi?

Wani malamin Islamiyya, Gwale:
Wa alaikumus salam. Baiwar Allah, Allah Ya raya marayu. Ki fara sanin wannan, domin shi ne ƙafarki. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke aiki da ita, ikon aurar da budurwa ba tare da yardarta ba na uba ne, ko wanda uban ya yi wa wasiyya da hakan. Baffa waliyyi ne, ba mu musa ba, amma in marigayi bai bar masa wasiyya ba, ba shi da ikon tilasta ta. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ba a aurar da budurwa sai an nemi izininta. Sannan hayar shagon nan dukiyar marayu ce, amana ce a wuyansa. A karanta masa aya ta 10 a Suratun Nisa'i, cikin ladabi. Masu cewa karatun mace baƙon abu ne su tuna Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Nurul Albab ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ita ta kafa 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata.

Dattijo daga Fagge:
'Yata, ki bi a hankali. Ke kaɗai ba za ki iya aurar da yara biyar ba, gobe wurin baffan nan za ki koma. Kuma aure ba ya hana karatu. Ki je BUK ko Sa'adatu Rimi ki ga matan aure da goyo suna shiga aji. In yaron mutumin kirki ne, a sa masa sharaɗi ta ci gaba a ɗakinta. Zamanin nan ya lalace, mai tsoron barin budurwa a gida ba mugu ba ne.

Uwar gida daga Ɗorayi:
Baba, Allah Ya ƙara girma, amma ni da irin wannan sharaɗin aka yi mini aure ina aji biyar. A gaban iyaye ya ce har jami'a zai kai ni. Wata huɗu da tarewa na fara laulayi, aka ce bari in haihu. Na haihu aka ce bari in yaye. Kafin in yaye ga wani cikin. Shekara goma sha huɗu ban ƙara riƙe biro ba, sai da na shiga ajin manyan mata na hukumar yaƙi da jahilci, ina zama benci ɗaya da sa'o'in 'yata. Mijina ba azzalumi ba ne, hidima ce ta yi masa yawa, kuma a gidan talaka kuɗin makarantar mata shi ake fara yankewa. Matan da kake gani a BUK, Baba, akasarinsu da takardar sakandare a hannu suka shiga ɗaki. Yaya, shekara ɗaya ce fa ta rage. In da gaske yaron yake yi, me zai hana ya jira? A sa rana bayan NECO, a rubuta sharaɗin karatu, shaidu su sa hannu. Wanda ya kasa haƙurin shekara ɗaya, ta yaya zai yi na shekara uku a makarantar jinya?

Malamar sakandare, Tarauni:
Maganar kuɗi ba hujja ba ce a wannan matakin. Tunda ta ci kwalifayin, tana cikin waɗanda gwamnatin jiha ke biya wa kuɗin NECO. Tun 2019 Kano ta ayyana ilimin firamare da sakandare kyauta kuma dole, a 2023 aka sa hannu a dokar kare haƙƙin yara, a 2024 kuma aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. Ba na cewa komai ya gyaru, ni da kaina ajina ya fi ƙarfin kujerunsa. Amma ki je wurin shugabar makarantarsu gobe ki faɗa mata komai, mun saba shiga irin wannan maganar. Ki kuma tambaye ta ko makarantar na cikin shirin AGILE na tallafa wa 'yan mata.

Ma'aikaciyar jinya:
Ki ce mata ta dage ta samo kiredit biyar: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Kullum a ɗakin haihuwa sai na ga namijin da ya rantse namiji ba zai duba matarsa ba. Ina girmama kishinsa. To amma matan da za su duba ta, 'ya'yan wa za su zama?

Ɗan kasuwa, Kantin Kwari:
Hajiya, kada ki fara da kotu ko Hisba, wannan sai in komai ya ci tura. Ki nemi wanda baffan ke jin nauyinsa. Kuma kada a haɗa maganar shago da ta aure a zama ɗaya, zai ga kamar ɓarawo ake kiransa, sai ya kafe.

Mai tambaya:
Na gode, Allah Ya saka da alheri. Malam, marigayi bai bar wasiyya ba, hasali ma shi ya kai ta makarantar da kansa a babur. Bayan na karanta amsoshinku, wato 'yar tawa ta karanta mini, na ciro kwafin takardar rabon gadon nan daga ƙasan akwati na ba ta. Da Hausa aka rubuta, kuma an rubuta ƙarara cewa hayar shago ta ci da karatun yara ce. Shekara uku tana ɗakina ban sani ba. Na yi kuka sosai. Zan bi shawarar Alhajin Kantin Kwari, ba zan fito da ita yanzu ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ni da yayana da limamin unguwarmu za mu je wurin kakarsu, mahaifiyar baffan, domin ba ya tsallake maganarta. Shekara ɗaya kawai za mu roƙa. Ku sa mu a addu'a.