CoSb2 da antimoni zalla suna fitowa a garin CoSb3, ina gyaran yake?

Mai_Bincike:
Assalamu alaikum. Ina haɗa garin CoSb3, wato haɗin kobalt da antimoni, mai ƙwayoyi na nanomita, na kayan da ke mayar da zafi wutar lantarki. Ina narkar da giram 0.476 na CoCl2·6H2O da giram 1.369 na SbCl3 a etanol, wato kobalt ɗaya antimoni uku a lissafin mol, in zuba NaBH4, sinadarin da ke mayar da waɗannan gishirin su koma ƙarfe, in rufe a tukunyar matsi mai Teflon a ciki, digiri 200 na awa 24. XRD, gwajin da ke gane sinadaran da ke cikin gari da hasken X-ray, na nuna layin CoSb3 a wajen kusurwar digiri 31.3, amma ga na antimoni a 28.7, ga kuma na CoSb2. In ƙara kobalt ne?

Malam_Sinadari:
Wa alaikumus salam. Kada ka taɓa awon, daidai yake. Ganin CoSb2 da antimoni tare shi ne shaidar cewa haɗin bai kai ƙarshe ba. Da kobalt ne ya gaza, antimonin kaɗai za ka gani. Antimoni ya fi kobalt saurin komawa ƙarfe a gaban NaBH4, shi ya sa yake riga fitowa, CoSb2 ya biyo baya, sannan a hankali ya haɗiye ragowar antimonin ya zama CoSb3. Wannan matakin na ƙarshe shi ke neman zafi da lokaci, digiri 200 kuwa ya yi masa kaɗan.

Hanya biyu ce. Ko ka kai digiri 240 ka bar shi awa 48 zuwa 72, ko ka gasa garin da kake da shi a digiri 500 na wasu awanni cikin iskar agon mai haidirojin kashi 5 cikin ɗari. Na fi son ta biyun. A digiri 240 Teflon ya kusa iyakarsa, etanol kuma yana dab da digiri 241 inda ruwansa da tururinsa ke zama abu ɗaya, matsin yana kusan bar 60, wato kusan ninki 60 na matsin iskar da muke shaƙa, ban da haidirojin da NaBH4 ke saki. In ka nace sai tukunyar, kada cikonta ya wuce kashi biyu cikin uku.

Hajiya_Lab:
Ƙari a kan bayanin Malam. Ɗan'uwa, duba ruwan da ke cikin kayanka. SbCl3 da ya gamu da ruwa yakan koma farin gari na SbOCl, gishirin kobalt ɗinka kuma da ruwansa guda shida yake zuwa. In ka ga haɗin ya yi fari-fari kafin ka zuba NaBH4, wani kaso na antimonin ya riga ya fita daga lissafi. Yi amfani da etanol marar ruwa, ka fara narkar da SbCl3 shi kaɗai.

NaBH4 kuma a ɗiga shi sannu a hankali ana motsawa. In aka juye shi gaba ɗaya, kobalt na iya kama boron, ya zama baƙin gari da XRD ba ya nuna shi sosai. Abin da ya fi damuna shi ne, wannan matakin na iya sakin iskar SbH3 mai tsananin guba. A ƙarƙashin na'urar zuƙe hayaƙi ake yin sa, haka ma buɗe tukunyar bayan ta huce sarai. A wanke garin da ruwa da etanol har gishirin NaCl ya fita, a busar da shi inda aka zuƙe iska, domin ƙananan ƙwayoyi da wuri suke kama iskar oksijin.

Mai_Bincike:
Na gode Malam, na gode Hajiya. To gashin digiri 500 ba zai girmar da ƙwayoyin ba?

Injiniya_Zafi:
Zai girmar da su kaɗan, amma wurin da aka fi asarar ƙanƙantar shi ne wajen matse garin ya zama dunƙule. Shi ya sa ake amfani da SPS, wato matse gari ana zafafa shi da wutar lantarki cikin sauri: digiri 550 zuwa 600, matsin megafaskal 50, minti biyar zuwa goma. In ka wuce nan antimoni zai fara tashi, CoSb2 ya dawo. In dunƙulen bai kai kashi 95 cikin ɗari na cikakken nauyinsa ba, ramukan da ke ciki za su rage gudun zafi, su rage gudun lantarki tare, sai ZT, ma'aunin ingancin mayar da zafi wutar lantarki, ya ƙi motsi.

Ka kuma sani cewa ƙanƙanta kaɗai ba ta wadatar. CoSb3 zalla yana wuce da zafi kusan wat 10 a mita a kelbin a zafin ɗaki, wanda ya yi yawa. Manyan sakamakon, irin ZT 1.7 a kelbin 850 da aka wallafa a 2011, sun zo ne daga cike guraben da ke cikin ginin kiristal da bariyom, lantanom da itabiyom, ta hanyar narkarwa. NaBH4 ba ya iya mayar da waɗannan ƙarfe a cikin etanol, oksaid za su zama. Abin da hanyarka ke ɗauka shi ne teluriyom a gurbin antimoni ko nikel a gurbin kobalt don samun nau'in n (mai rarar elektoron), ko baƙin ƙarfe (Fe) a gurbin kobalt don nau'in p (mai ƙarancin elektoron). Fara da teluriyom kaɗan, amma sai bayan layin 28.7 ya ɓace daga XRD.