Allurar zazzaɓin sauro ta zo, a daina rabon ƙwayoyin damina?

Wani ne ya tayar da maganar, ya ce tunda Kamaru ta fara yi wa yara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Janairun 2024, bin gida-gida ana raba ƙwayoyin CPS, wato maganin kariya daga zazzaɓin da ake ba yara a damina, ya zama ɓarnar kuɗi, gara a zuba kuɗin a ƙananan asibitoci.

Mai kantin magani, Garwa: Ni ina bayansa. CPS kwana uku ake shan sa a jere. Ranar farko yaro yana shan SP (sulfadoksin-firimetamin, maganin salfa) da amodiyakin a gaban relai, wato ma'aikacin lafiya na unguwa mai bin gida-gida, sauran ƙwayoyin amodiyakin biyun a bar wa uwa. A nan ake faɗuwa. Amodiyakin da ɗaci, yaro ya yi amai sau ɗaya sai uwa ta ɓoye sauran, ko ta adana don ranar da jikinsa zai yi zafi. A takarda kuwa an rubuta an ba shi. A watan Satumba kuma ka je wani asibitin ƙauye ka tarar abin gwajin jini da maganin sun ƙare, alhali tun 2011 gwamnati ta ce jinyar zazzaɓi mai sauƙi kyauta ce ga 'yan ƙasa da shekara biyar. Talaka ya dawo kanti ya saya.

Ma'aikaciyar jinya, Marwa: Alhaji, gyaran rabo ka kawo, ba dalilin dainawa ba. Allurar nan sau huɗu ce: wata 6, wata 7, wata 9, sai wata 24. Da gundumomin lafiya 42 aka fara, kuma da jarirai. Ɗan shekara huɗu da ke yawo a tsakar gida yau bai same ta ba, shi kuwa CPS yana ɗaukar yaro tun daga wata 3 har wata 59. Ƙarfinsu ma ba ɗaya ba ne. A babban gwajinta, allurar ta rage kamuwa da kusan huɗu cikin goma a tsawon shekara huɗu. CPS idan an sha daidai yana rage kusan kashi uku cikin huɗu, sai dai kariyar ba ta wuce mako huɗu, shi ya sa ake komawa duk kwana 28, galibi daga Yuli zuwa Oktoba. A Burkina Faso da Mali an gwada haɗa su biyun, sakamakon ya fito a 2021: kamuwa da zazzaɓin a wurin yaran da suka samu duka ya yi ƙasa da na waɗanda suka samu ɗaya kaɗai da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Relai, Gidar: Hajiya ta gama magana, amma aman da Alhaji ya ambata yana da ƙa'ida. Ƙunshi biyu ne: na wata 3 zuwa 11, da na wata 12 zuwa 59 mai ninkin ƙarfi. A narkar da ƙwayar a ɗan ruwa kaɗan, kada a cika kofi, a ba yaro yana zaune, zai fi kyau bayan ya ci wani abu. Ya amayar kafin minti 30, a sake ba shi sau ɗaya. Relai mai gaggawar cika lissafi ba ya tsayawa ya gani, kuma shi ne asalin ƙorafin. Yaron da jikinsa ke da zafi ba a ba shi, gwaji ake fara yi masa. Haka ba a ba mai shan maganin kotirimokzazol, da wanda maganin salfa ke fito masa da ƙuraje.

Mai kantin magani: To ƙanena, tun 2016 ake zuba SP a yankunan Arewa da Arewa Mai Nisa na Kamaru, masu ciki ma shi ake ba su. Ranar da ƙwayar cutar ta saba da shi fa?

Ma'aikaciyar jinya: Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma dole a riƙa bibiyarta. Saboda ita ne a yankunan CPS ba a jinya da haɗin da ke da amodiyakin, sai artemeta da lumefantirin. Abin da ke saurin koya wa ƙwayar cutar turjiya shi ne rabin magani, irin wanda ake yanka wa mutum ƙwaya biyu uku gwargwadon kuɗinsa. Ban ce kantinka ba, Alhaji.

Ungozoma, Yagwa: Ku duka kun manta da hanya. Allurar wata 9 tana samun mutane saboda ta haɗu da ta ƙyanda da ta shawara. Ta wata 24 kuwa uwa ta riga ta sake goyo, katin ya ɓata ko ya jiƙe, ga kuɗin babur zuwa da dawowa. CPS shi ke zuwa ƙofar gida, matar da ba ta da ko dala ba ta rasa shi. Amma lokacin ambaliya irin ta 2024 a nan yankinmu na Mayo Danay, relai ɗin ma sai da kwalekwale, zagaye ya makara, kwana 28 ya zama 40 a daidai lokacin da sauro ya fi yawa.

Relai: Inna, shi ya sa nake cewa a kai ƙwayoyin ƙauyukan bakin kogin Lagon kafin ruwa ya rufe hanya, a biya mu kwana uku mu koma mu ga an sha na biyu da na uku, mu duba katin allura a tafiya ɗaya.

Mai kantin magani: Kwana uku a kowane gida ninkin kuɗin aiki ne. Wa zai biya, kuma me za a rage don a biya?