A kai yaro nasare da isowa Ingila, ko a bar shi gida ya riƙe Hausarsa?

Hajiya Umma, Manchester: Salamu alaikum. Na ga tambayar da Maman Sadiq ta yi jiya, cewa ta sauka Leicester da yara biyu, mace 'yar shekara uku da namiji ɗan shekara biyu, tana neman nasare mai kyau. 'Yata, ni maganata ɗaya ce, kuma na daɗe ina faɗinta: duk wanda ya zo ƙasar nan da yaron da bai kai shekara huɗu ba, ya bar shi gida. Su kansu masu ƙasar ba su wajabta makaranta ba sai yaro ya cika biyar. Nasare kuɗi take ci, ta cinye Hausar yaro, ta haɗa da tarbiyyarsa. Wata shida kacal, ki ce masa zo ka gai da baƙi, ya tsaya yana kallonki.

Maman Sadiq, Leicester: Wa alaikumus salam Hajiya, na gode. Ni ma da so samu ne su zauna a gabana. Amma aikin jinya ne ya kawo ni, kuma yawanci dutin dare ake ba ni. Ina shigowa gida da safe, maigida na fita nasa aikin. Da a Kano ne in miƙa su gidan Hajiyarmu in ja ƙofa in kwanta. A nan wa zan miƙa wa? Jiya ina gyangyaɗi a kujera, na farka na tarar Sadiq ya juye man girki a kafet yana wasa da shi.

Maman Ilham, Birmingham: Hajiya, a yi mini haƙuri in sa baki, tunda a nasare nake aiki. Mu fara da kuɗin. Kowane yaro ɗan shekara uku ko huɗu a Ingila yana da awa 15 a mako kyauta, na mako 38 a shekara, wato awa 570. Wannan ba ruwansa da irin bizar iyaye. Yana farawa ne a zangon da ya biyo bayan cikar yaro uku, ko Satumba, ko Janairu, ko Afrilu. Don haka babbar, in ta cika uku kafin zangon nan, haƙƙinta ne, ki je ki karɓa.

Inda mutanenmu ke shan mamaki shi ne awa 30 ɗin da ake ta yayatawa, wanda daga Satumban 2025 aka faɗaɗa shi har ga jariri ɗan wata tara. Wannan na iyaye ma'aikata ne, amma wanda aka sa wa bizarsa sharaɗin ba shi da rabo a tallafin gwamnati ba ya samu, sai in abokin zamansa na da takardar zama ta dindindin ko ɗan ƙasa ne, shi ya nema. Bizar ma'aikatan lafiya na ɗauke da wannan sharaɗin. Haka ma tsarin nan da kike zuba fam 8 gwamnati ta ƙara miki fam 2. Akwai awa 15 na 'yan shekara biyu da aka buɗe wa masu irin wannan biza tun 2022, amma sai kuɗin shigar gida bai wuce iyaka ba, kuma da albashinki da na maigida da wuya ku shiga. Ki tambayi ƙaramar hukumarku, amma ki sa a ranki Sadiq biya za ki yi.

Baban Walid, Coventry: To ai nan Hajiya ta fi ku gaskiya. Biya a kan me? Na je na duba guda biyu da idona. Yara na ta kwaɓa yashi da ruwa, wasu an sa musu rigar ruwa da takalmin roba an fitar da su tsakar gida ana yayyafi. Ba allo, ba littafin rubutu, ba aikin gida. 'Yata a Zariya tana nasare biyu tana rubuta ɗaya zuwa ɗari. Mun zo nan wai ci gaba, an mayar da ita wasan ƙasa. In wasa ne ai a gida ma za ta yi, kyauta.

Maman Ilham, Birmingham: Malam, ba abin da suke nema ba ke nan. A nan koyon haɗa baƙi gadan-gadan sai a ajin share fage na firamare, wanda yaro ke shiga a Satumban da ya biyo bayan cikarsa huɗu. Abin da malamar wannan aji take so ta gani ranar farko shi ne yaro ya iya shiga banɗaki shi kaɗai, ya sa rigar sanyinsa, ya jira layi, ya buɗe baki ya ce cikina na ciwo. Ita kaɗai ce da mataimakiya ɗaya a kan yara talatin.

Akwai wani yaro da aka kawo mana saura watanni kaɗan ya wuce firamare, ɗan wata ƙasar Afirka ta Yamma, bai taɓa rabuwa da uwarsa ba. Yana ƙirga har hamsin da yarensu, amma kullum sai ya jiƙa wando, saboda bai san yadda zai ce yana jin fitsari ba, kuma kunya ta hana shi nuni. Sai ya tsaya bayan ƙofa yana matse ƙafafu. Sai da muka liƙa hoton banɗaki a kati muka rataya masa a wuya, in ya matsu ya ɗaga. A wurinmu babba ɗaya na kula da yara takwas, shi ya sa muka lura. A aji mai talatin wa zai ga yaron da ke bayan ƙofa?

Hajiya Umma, Manchester: Duk na ji. Hausar fa? Kun tsallake ta. Ni na san gidajen da kaka za ta kira daga Katsina, a miƙa wa jika waya, daga "lafiya lau" shi ke nan an gama, tsohuwa ta ajiye waya tana hawaye. Turanci ai ko ba a koya masa ba zai sha shi a titi. Hausa ce ba ta da kowa a nan sai uwa.

Baban Amira, Glasgow: Hajiya, Allah ya ƙara girma, wannan ƙarshen maganar taki ita ce hujjata. Ku yi lissafi. Yaro na farke kamar awa goma sha biyu a rana, awa tamanin da wani abu a mako. Nasare ta ɗauki 15. Sauran kusan saba'in ɗin a hannun wa yake? Mu ne idan yaro ya dawo ya yi mana Turanci sai daɗi ya kama mu, mu amsa masa da Turanci, har mu ɗauki bidiyo mu tura gida. Sannan mu miƙa masa waya ya wuni yana kallon katun na Turanci don mu samu mu yi girki. Yaran da na sani da ba su taka nasare ba, da yawansu Hausar ta tafi duk da haka, YouTube ne ya raine su.

Mu a Scotland awa 1,140 ake ba 'yan uku da huɗu a shekara, ninki biyu na naku. Amira ta yi su cif, kuma ranar Juma'a ita ke ba kakarta labari a waya. Dokar gidanmu ɗaya ce: in ka yi Turanci a falo, Baba bai ji ba.

Hajiya Umma, Manchester: Kai ka dace da mata mai zama a gida. Kar ka auna kowa da gidanka.

Baban Amira, Glasgow: Wannan gaskiya ne, tana gida.

Maman Ilham, Birmingham: In ƙara abu ɗaya a kan yare. Kundin da ke tafiyar da nasare a Ingila ya ce a ba yaro dama ya yi amfani da harshen gidansu a wasa da koyo. Mu da kanmu muke roƙon iyaye su rubuto mana kalmomi goma: ruwa, fitsari, barci, zafi, Mama na zuwa. Masu gyaran magana na NHS, hukumar lafiya ta ƙasar nan, ma cewa suke a ci gaba da yi wa yaro yaren gida, harshe biyu ba ya jinkirta baki. Sai dai ki shirya, Maman Sadiq, yarinya na iya yin makonni ko watanni ba ta ce uffan a can ba. Saurare take yi. Kar wani ya ce miki ki daina mata Hausa don bakinta ya buɗe.

Maman Nana, Lyon: Ina gaida Hajiya da kowa. Ni 'yar Damagaram ce, ina Faransa, kuma wallahi ina sha'awar ku da kuke da zaɓi har kuna gardama. Mu nan tun 2019 lakwal, wato makaranta, dole ce daga shekara uku, kuma ko karantar da yaro a gida kike so sai kin nemi izini. Ba wanda ya tambaye ni ra'ayina. Abin da ya fi ba ni wuya ba yare ba ne, abincin rana ne. Lakwal ɗin gwamnati ba ruwanta da addini, don haka sai dai in zaɓi abincin da ba nama ko in ɗauko ta da rana in maida ta. Hausarta kuwa tana nan, sai dai tana cusa Faransanci a ciki, wanda ko a Yamai haka yara suke yi.

Maman Sadiq, Leicester: Abincin ma na damuna. A nan ya ake yi?

Maman Ilham, Birmingham: A Leicester ba za ki sha wuya ba, Musulmi na da yawa, wurare da dama na dafa halal. Inda babu, ki rubuta a fom cewa ba ta cin nama, ki ambaci jelatin da sunansa, don yana cikin alawa da wasu kayan zaƙi. Ki kuma tambayi kuɗin abinci da na famfas tun kafin ki sa hannu, awannin kyauta ba su haɗa da su ba, kuma nan ne lissafi ke kumbura.

Hajiya Umma, Manchester: To tunda dole ce, ga mafita. A kowane gari akwai 'yar'uwa da ke zaune a gida tana riƙe yara a ba ta ɗan abin sabulu. Ta yi musu Hausa, ta ba su tuwo, ta koya musu Fatiha. Ki nemi irinta ki kai Sadiq. Ya fi ki kai wa wadda ba ki san asalinta ba.

Maman Ilham, Birmingham: Hajiya, nan kam ba zan yi shiru ba. Duk wadda ke riƙe yaron da bai kai takwas ba a gidanta, fiye da awa biyu a rana, ana biyanta, doka ta ce sai ta yi rajista da Ofsted, hukumar da ke duba makarantu da wuraren reno, ko wata hukumar masu reno, in ba 'yar'uwar yaron ce ta kusa ba, kamar kaka ko gwaggo ko inna. Mai rajista an binciki tarihinta da na duk baligin da ke gidan, ta koyi agajin gaggawa na yara, an ƙayyade mata yara shida, ƙanana a ciki kada su wuce uku. Waccan kuwa na taɓa shiga gidan da na ƙirga yara tara a falo ɗaya, ƙofar kicin a buɗe, tukunya na tafasa. Ranar da yaro ya ƙone, asibiti za su tambayi inda yake, kuma daga nan ma'aikatan jin daɗin yara sun shigo gidanku ke nan. Ita ma kin jefa ta a matsala, watakila har da bizarta.

Hajiya Umma, Manchester: Mu da muka raini namu haka a shekarun baya, wa ya ƙone? Komai sai ku ce doka.

Baban Walid, Coventry: Hajiya, a wannan ɗin ina bayan Maman Ilham, wanda ke kan biza ba ya wasa da irin wannan. Amma har yanzu ban ga dalilin biyan ɗaruruwan fam a wata don ɗan shekara biyu ya kwaɓa yashi ba. Akwai zaman wasa na uwa da ɗa a cibiyoyin iyali da ɗakunan karatu, kyauta ko da fam ɗaya biyu. Walid can yake zuwa da mamarsa.

Maman Sadiq, Leicester: Malam, wannan zaman ai sai uwa na wurin. Ni barci nake nema.

Maman Ilham, Birmingham: Shi ya sa mai reno mai rajista ta fi dacewa da Sadiq. Yawanci ta fi nasare sauƙi, gida ne ba taro ba, wasu na karɓa tun da sassafe, kuma akwai Musulmi a cikinsu, 'yan Somaliya da Pakistan da 'yan Najeriya. Ƙaramar hukuma na da jerin sunayensu, rahoton Ofsted na waɗanda ta duba na intanet. Ki je da kanki, ki ga inda yara ke kwana, ki lura ko tana durƙusawa ta yi wa yaro magana ko daga tsaye take ba da umarni. In nasare ce, 'yan shekara biyu babba ɗaya ne a kan yara biyar, ki ƙirga da idonki.

Hajiya Umma, Manchester: Babbar ta tafi tunda kyauta ne, amma ku haɗa mata da Islamiyyar Asabar da Lahadi. Ɗan biyun kuwa har gobe ban yarda ba. Ki roƙi a sauya miki duti, ko maigida ya rage aiki na shekara guda.

Maman Sadiq, Leicester: Hayar gida ba za ta bari ba, Hajiya. Anti Maman Ilham, awa 15 ɗin babbar zan iya kai su wurin mai renon da zan kai Sadiq, su zauna tare?

Maman Ilham, Birmingham: Za ki iya, in tana karɓar kuɗin gwamnati, har ki raba su tsakaninta da nasare in kina so. Wasu ma na shimfiɗa awa 570 ɗin a kan shekara gaba ɗaya, ya zama kamar awa 11 a mako, don kada hutu ya bar ki a tsaye. Sannan ki duba ranar haihuwarta yau: in za ta cika huɗu kafin ƙarshen Agusta mai zuwa, neman gurbin firamare na rufewa 15 ga Janairu, ta hannun ƙaramar hukuma. Ko da a nasaren cikin makarantar take, sai kin cike fom daban, zamanta a can ba ya ba ta gurbi.