Na gina ƙaramin gidan zamanin Biktoriya, amma ya fito kamar sabon gini. Ina kuskuren yake?

Mai Kwali ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina karatu a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai matsala ta fito da ni.

Wata uku ke nan ina haɗa teburin wasan yaƙi wanda zai yi kama da unguwar ma'aikata a Ingila. Sojojina ƙananan mutum-mutumin wasa ne masu tsayin milimita 28, kuma labarin da muke bugawa ni da abokina shi ne a ce Jamus ta samu tsallakowa Ingila a 1940, dakarun sa-kai na gida suna tare su layi-layi. Don haka nake son jerin gidajen nan masu manne da juna da aka yi ta ginawa zamanin Sarauniya Biktoriya, irin masu ɗaki biyu a ƙasa biyu a sama. Ban son sayen haɗaɗɗu, da hannuna nake son yi.

Na yi guda ɗaya na gwaji da allon soso mai kaurin milimita 5, wanda ake manna wa takarda gaba da baya. Na ɓare takardar gefe ɗaya, na zana bulo da fensir, na shafa jan fenti. Dare huɗu na yi a kansa. Da na ajiye shi a teburi na ja da baya, raina bai kwanta ba. Gida ne, ba musu, amma ba shi da tsufa ko kaɗan, kamar jiya aka tashi daga aikinsa. Ga bangon gaba ya lanƙwashe bayan gam ya bushe, har rufin ya ƙi zama.

Abu na biyu shi ne girma. Na lissafa da sikelin 1:56, wato a raba awon gaskiya gida 56, gida mai faɗin ƙafa 15 ya ba ni milimita 82. Da na cire kaurin bango biyu saura 72. Gindin kowane soja, wato ɗan faifan da yake tsaye a kai, faɗinsa milimita 25 ne, ke nan uku ma ba su jeru a ɗaki. In bi gaskiyar awo ne, ko in faɗaɗa don wasa ya yiwu? Wanda ya taɓa yi ya taimaka mini.

Tsohon Magini ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ban ga hoton ba, amma zan iya cewa ga abin da ka yi: kowane bulo ka zana shi a kwance da tsawonsa, layi bisa layi, ko ba haka ba? To nan tsufan ya gudu. Wannan jeri na bango mai rami a tsakiya ne, wanda bai zama ruwan dare a Ingila ba sai wajen shekarun 1920 da 1930. Gidajen da kake nufi bangonsu cikakke ne, kaurin inci 9, bulo biyu gefe da gefe. Dole magini ya riƙa gitta wani bulo don ya ɗaure biyun, shi ya sa daga waje kake ganin kan bulo, gajere, a tsakanin dogaye. A fuskar gida an fi son jerin da ake kira na Filemish: dogo, gajere, dogo, gajere a layi ɗaya, layi na sama kuma gajeren ya hau tsakiyar dogon. A baya da katangar tsakar gida, inda ba mai kallo, sai su yi layi uku ko biyar na dogaye sannan layi ɗaya na gajeru zalla, don ya fi sauri. Ido ba ya ƙirga bulo, amma yana jin bambancin nan tun daga nesa.

Kada ka ce za ka bi awon bulo daidai. Bulo da simintinsa wajen inci 9 ne a tsawo, inci 3 a tsayi. A sikelinka milimita 4 ke nan da ɗaya da 'yan kai. Bango mai bene ɗaya zai ci layi kusan 80, kuma fenti zai cike maka ramukan. Ni ina yin milimita 6 da 2, gajeren kuma 3. Ka fara tsaga layin da sabuwar reza a hankali, sannan ka bi da tsinken sakace ka buɗa shi. In ka fara da fensir soson yakan yage. Bayan nan ka dunƙule takardar alminiyam ka daddanna a jiki, ka kuma tura bulo ɗaya-ɗaya ciki kaɗan da bakin tsinke.

Sai launi. Ja zalla ba ya cikin waɗannan unguwanni. Kowane gida kwal yake ƙonawa, ga masana'antu a gefe, kuma dokar tsabtace iska ba ta zo ba sai 1956, bayan hazon hayaƙin da ya kashe dubban mutane a Landan a Disambar 1952. A 1940 ɗinka bangon ya sha hayaƙin shekaru masu yawa. Ka yanke shawarar gari tukuna: Manchesta da Bamingam da Lids jan bulo ne, Landan kuwa bulonta rawaya-rawaya ne da ke komawa ruwan toka mai duhu. Ka sa launin farko, ka taɓa wasu bulo da ruwan ƙasa wasu da ruwan lemo, ka shafa farin ƙasa mai ruwa ya shiga ramuka ka goge saman da tsumma, daga ƙarshe baƙin fenti da aka tsinka sosai, ka bar shi ya gangaro daga ƙarƙashin taga da gindin bututun hayaƙi.

Lanƙwashewa kuma farin gam ne, yana ja in yana bushewa. Abin da ka shafa wa gaba ka shafa wa baya, ka danne da littattafai ya kwana.

Mai Kwali ya rubuta:

Baba, wallahi kamar kana tsaye a kaina lokacin da nake zanen. Duka dogaye na yi. Yanzu na koma kan hotunan da na tara, ga gajerun nan ɓaro-ɓaro, ban taɓa lura ba. Manchesta na zaɓa. Allah ya saka da alheri. Saura maganar faɗi.

Ɗan Lungu ya amsa:

Malam Mai Kwali, a kan faɗi ni ra'ayina ya bambanta da na yawancin masu wasa, kuma zan faɗi dalili.

Da yawa za su ce ka kai shi santimita 10 ko 12 don sojoji su sake. Na yi haka a jerina na farko, na yi da-na-sani. Abin da ke sa mutum ya kalli gidajen nan ya gane su shi ne ƙuncinsu da maimaituwarsu: ƙofa, taga, taga, ƙofa, bututu, haka har ƙarshen layi. Da ka faɗaɗa, sun zama gidajen masu hali. Kuskuren shi ne gina su ɗaya-ɗaya. Ba haka aka gina na gaskiya ba, ɗan kwangila layi guda yake ɗauka. Ka yanki fuskar gida huɗu a allo ɗaya, santimita 33 ko 34, ka bar kowanne a kan 82 ko 85 ɗinsa. Bangon da ke tsakani ɗaya ne tak, ka yi shi da kwali mai kaurin milimita 2, nan take ka samu wurin soja uku. A wasu ma ni ba na sa bangon tsakiya a bene, tunda ba mai gani sai an ɗaga rufi. Dogon allo ya fi saurin lanƙwashewa, amma daɓen bene da bangayen ciki su ne za su riƙe shi.

Wurin da na yarda a yi ƙari shi ne ƙofa. Soja yana tsaye a kan gindi mai kaurin milimita 3, ga hular kwano, don haka ƙofar gaskiya ta milimita 36 takan yi masa kaɗan a ido. Ina yin tsayi 40, faɗi 18.

Ka lura gidajen bibbiyu suke, ɗaya madubin ɗaya. Ƙofofi biyu suna maƙwabtaka, murahu kuma suna jingine da bangon ɗaya gefen, shi ya sa bututun hayaƙi yake hawa daidai kan iyakar gida biyu. Kowane murhu da hanyar hayaƙinsa da tukunyarsa a sama, don haka ka jera huɗu ko shida ko takwas a kan bututu ɗaya. Da tsinken shan lemo na takarda nake yinsu, in naɗa siririn zare a baki. In ka rage tukwanen nan rufin zai yi tsirara.

Amma babbar maganata ita ce bayan gidajen. Kowa fuska yake ƙawatawa, alhali a wasa ba mai tsayawa a titi. Bayan dokar lafiyar jama'a ta 1875, ƙa'idojin gini da ƙananan hukumomi suka bi sun nemi sabon titi ya kai faɗin ƙafa 36, kowane gida kuma ya samu fili a baya na aƙalla murabba'in ƙafa 150. Ƙafa 36 a teburinka kusan santimita 20 ne, miƙaƙƙe, babu abin fakewa. Duk wanda ya sa bindiga mai jigida a bakin layi ya gama da titin. Faɗan gaske a baya yake: 'yar tsakar gida, katanga mai tsayin mutum, masai a ƙurya, ɗakin ajiyar kwal, ƙofar katako, sai siririn lungun da masu kwashe masai suke bi da dare. Nan soja zai haura katanga, ya laɓe, ya ɓulla gidan maƙwabci. Ka yi lungun ya kai milimita 35 ko 40 don gindin soja da yatsunka su shiga. Ka kuma huda hanya guda mai rufi a tsakiyar jerin, wadda ke ratsawa daga titi zuwa baya ta ƙarƙashin bene. Ranar da na ƙara wannan 'yar hanya a teburina, wasanmu ya canza gaba ɗaya, don kowa ita yake rige-rigen kamawa.

Tsakar gidajen kada ka manne su da gidajen. Ka yi su a faranti dabam. Ajiya za ta yi sauƙi, kuma ran da kake son unguwar da ta fi talauci sai ka cire su ka haɗa jeri biyu baya da baya, irin na Lids da Bamingam.

Uwar Biyu ta amsa:

Sannunku da aiki. Tunda ba wanda ya taɓo rufi da taga, bari in sa baki, don nan na fi daɗewa.

Rufin na allon dutse ne daga Wels, daga mahaƙa irin su Penrin da Dinowik, jirgin ƙasa ne ya baza shi ko'ina. Wanda aka fi amfani da shi inci 20 ne da 10, kuma fiye da rabinsa yana ɓoye ƙarƙashin na sama. Kada ka yanka ɗaya-ɗaya, ƙanena. Ka samu kwali marar kauri, ka yanka dogayen zirin milimita 10, ka tsattsaga kowane milimita 5 zuwa rabi, ka fara mannawa daga ƙasa kana hawa, kowane ziri ya rufe rabin na ƙasansa, tsagar kuma ta faɗa tsakiyar allon da ke ƙasa. Kwali mai kauri yana sa rufi ya yi kamar matakala. Nan da can ka gutsure kusurwa ɗaya, ko ka zame allo ɗaya ƙasa kaɗan. Launinsa toka ne mai ɗan shuɗi ko ɗan shunayya.

Taga irin mai zamewa sama da ƙasa ce, doguwa, ba mai buɗewa gefe ba. An soke harajin gilashi a 1845, na taga a 1851, gilashi ya yi araha, don haka gidajen ƙarshen ƙarni na 19 gilashi biyu sama biyu ƙasa suke da shi, ko ma ɗaya-ɗaya. Ka manna firam ɗin daga cikin bango don ya nutse, ka sa dutsen dogara a ƙasa ya ɗan fito. Wannan inuwar ita ce ran fuskar gidan. Ni a kan roba mai haske nake liƙa siraran farar takarda mai gam, ya fi yankan firam sauƙi sau goma.

Gargaɗi biyu, duka na ɗanɗana. Gam mai kamawa nan take yana sa robar taga ta yi hazo fari, kuma yana cin soso. Fentin feshi ma haka, na taɓa fesa wa bango guda da na kwana biyu ina zanawa, ina kallo bulon ya narke ya zama ramuka. Ka fara rufe soson da farin gam gauraye da fenti, ya bushe sarai, kafin feshi ya kusance shi.

Tunda 1940 kake yi, ka gitta siraran takarda a kan gilashin kamar yadda suka yi saboda bama-bamai.

Mai Kwali ya rubuta:

Na dawo bayan kwana tara. Na bi maganar Malam Ɗan Lungu, na yanki fuskar gida huɗu a allo ɗaya, santimita 34, da hanyar ratsawa a tsakiya. Zanen bulo irin na Baba ya ci mini dare biyar, yatsana har ya yi kanta, amma da na zuba baƙin ruwan nan ya gangara ƙarƙashin tagogi, na daɗe zaune ina kallonsa. Na ajiye na gwajin a gefensa, kamar ba hannu ɗaya ya yi su ba. Bangon bai motsa ba ko kaɗan tunda na shafe bayansa.

Yaya Uwar Biyu, rufin gefe ɗaya ya kammala, layi 17 ya ci. Sai dai na rasa yadda zan yi da bututun hayaƙi: in na manne shi da rufi, yana karyewa wajen ɗagawa, in na manne shi da bango, sai na huda rufin kuma gibi yana bayyana. Ke ya kike yi da naki?

Uwar Biyu ta amsa:

Da rufi nake manne shi, amma ina soka tsinken gora ya ratsa bututun ya shiga katakon da ke ƙarƙashin tsororuwar rufin, sannan in ɗaga rufin ta gefe, ba ta bututun ba. Gindinsa kuma ka naɗe da siririyar takarda ka yi mata fentin ruwan darma, dama haka na gaskiyar suke. Ka sa mana hoto in ka gama katangun baya, ina son ganin yadda ka yi ƙofar masai.